Allurar Mabiya da Cikin Yagana

Ku 'yan matan nan masu fararen kaya, da aka turo ku daga makarantar koyon jinya ku ga yadda tsofaffi ke yi, ina jin ƙus-ƙus ɗinku idan na juya baya. Wai me ke cikin ungozomanci, a tari jariri, a yanke cibi, a ci tuwon suna a tafi gida da sabulu. Kunnena bai tsufa kamar ƙafata ba. Ku gyara zama, ke mai waya ki kifa ta. Karɓar haihuwa ita ake yi wa guɗa, shi ya sa kowa ya san ta. Akwai ranar da babu guɗa, ranar da mace za ta ja ki ɗaki ta tura ƙyaure, ta ce al'adarta ta ɗauke, ta zuba wa bakinki ido. Aikin wannan ranar ya kamata ku zo koyo.

A hannun Gwaggo Delu, ƙanwar babanmu, na koyi sana'ar nan, a ƙauyenmu na ƙasar Auyo. Gajeriyar mace ce mai faɗa, ba ta maimaita magana. Na daɗe ina bin ta ban taɓa jariri ba. Aikina binne mabiya, wato abin da ke biyo jariri bayan ya faɗo, wasu su ce uwa. Kada ku yi dariya, aiki ne. Sai ki wanke ta tas, ki juya ta ki duba ko ta fito cikakkiya, don idan guntu ya rage a ciki jini ba zai tsaya ba. Sannan ki sa ta a tsohon kasko, igiyar cibi tana kallon sama, ki haƙa rami a bayan ɗakin mai jego. Matan garinmu sun yarda cewa idan aka kifa ta, an rufe wa mace haihuwa, saboda haka kina haƙa, idon kakar jariri yana kanki ta kafar danga. Ƙasarmu kuwa fadama ce. Da damina kina yin nisa kaɗan ruwa zai tsattsafo, kasko ya ɗago. Gwaggo ta koya mini neman tudu a gindin danga, da danne ramin da fasasshen dutsen niƙa saboda karnuka.

Kayan aikinta duka ba su cika ƙwarya ba. Aska, zaren saƙa, tsumma wankakke, da tsingaro na gasa cibi. Daga baya ma'aikatan asibiti suka tara mu a Haɗeja, suka ba mu sabuwar reza da safar hannu da maganin shafa wa cibi, suka nuna mana alamun da in mun gani mu nemi babur ko kwale-kwale kada mu tsaya jira. Na karɓa hannu biyu, don na ga jarirai da yawa da ciwon cibi ya sandarar kafin ranar suna. Amma babban kayan aiki shi ne tafin hannu. Da shi za ki san kwanciyar ɗa, da shi za ki san akwai ko babu, kuma shi ba a ba da shi a jaka.

Haihuwar farko da na karɓa ni kaɗai, bayan rasuwar Gwaggo, ta Yagana ce. Iyayenta Barebari ne da suka zo daga gabas, ta auri Malam Garba, manomin shinkafa mai taɓa kamun kifi idan ruwa ya ja. Doguwar mace, baƙa, mai bandar kifi, duk inda ta wuce sai an ji ƙamshin hayaƙi. Naƙudarta ta yi tsawo, ta zage ni tas, ta zagi mijinta, sannan ta haifi namiji, aka sa masa Bukar. Daga shi ba ta sake ko ɓatan wata ba. Shekaru tana tsokanata, "Yaya Asabe, anya ba kifa mini mabiyar nan kika yi ba?" Ni kuma in ce, "Ke dai ki rage zagin Malam, ko Allah ya dube ki." Mu yi dariya. Ta san na binne daidai, uwarta na tsaye a kaina ranar.

Sai shekarar da jingar da ke tare mana ruwan kogi ta fashe. Ruwa ya shigo shinkafa tana fitar da kai, ya cinye gonaki, ya kwantar da gidajen ƙasa, muka koma makarantar firamare da ke kan tudu. A cikin aji nake karɓar haihuwa, an tare ni da zannuwa, mabiya kuwa sai in sa a roba in yi ta yawo da ita ina neman busasshiyar ƙasa. Bukar ya zama saurayi lokacin, an sa bikinsa bayan girbi. Shi ke fitar da mutane da buhuna a kwale-kwalen ubansa. Ran nan ya ɗauko kaya fiye da ƙima, ciyawar kacala ta riƙe shi a tsakiyar ruwa, jirgin ya kife. Sai da rana ta yi sanyi masunta suka samo shi. Na ga mutuwa da yawa a aikin nan, amma ranar na yi kuka kamar ni na haife shi, don hannuna ne ya fara taɓa shi a duniya.

Bayan ruwa ya ja mun koma gida, Yagana ta aiko a kira ni da hantsi. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki da mafici, gumi yana bin wuyanta, alhali garin da sanyi-sanyi. Ta ja ni ciki ta tura ƙyaure.

"Yaya, tun kafin ruwan nan ban ga wata ba."

Na ce, "Da can fa?"

"Yana zuwa yana tsallakewa. Yanzu shiru. Ga zafi yana taso mini daga ƙirji har fuska, ga faɗuwar gaba, ga rashin barci. Haka na yi a cikin Bukar." Ta kamo hannuna ta ɗora a mararta. "Duba mini. Allah ba zai karɓa bai mayar ba."

Shekarunta sun doshi hamsin. Na kwantar da ita na duba a tsanake, sama da ƙasa, hagu da dama, don kada ta ce na yi gaggawa. Babu komai. Na ce, "Yagana, girma ne ya zo. Ni ma na bi ta nan, na jiƙa zannuwa da gumi har Allah ya yaye. Ki riƙa kwana kusa da randa, ki rage yaji da shayi mai zafi, idan ya matsa miki mu je asibiti, suna da abin da suke bayarwa."

Ta janye hannuna daga jikinta. "To kwanciya ya yi. Tashin hankali ne ya kwantar da shi."

Kun san maganar kwantaccen ciki, ko kun karanta cewa babu shi. Gwaggo ta yarda da shi, rabin matan ƙasar nan sun yarda da shi, wai ɗa yana barci a ciki shekaru sai ya ga dama ya tashi. Ni ban ja da ikon Allah ba, amma a hannuna ban taɓa tarar wanda ya tashi ba. Abin da na fi gani shi ne macen da haihuwa ta ƙare mata ba ta shirya ba. Wadda ta tara 'ya'ya takan ce alhamdu lillahi, ta huta, ta samu azuminta cikakke. Wadda ɗakinta babu kowa, wannan magana ita ce abin da za ta riƙe. Idan kika fizge da ƙarfi ba za ta sake kiran ki ba, idan kika bar mata kin cuce ta. Ba a koya muku wannan a allo, ni ma ban gama koyonsa ba.

A lokacin ne allurar ta shigo ƙasarmu. Wata dillaliya mai kawo kayan mata daga Kano ita ta fara zuwa da ita, 'yan ƙananan kwalabe a kwali mai rubutun da ko malamin makaranta bai iya karantawa ba. Ta ce daga mabiya ake tatso ta, tana kashe zafin nan na manyan mata, tana kawo barci, tana gyara fata. Mata su saya, su kai wa wani mai kemis ya yi musu. Na tambaye ta, "Mabiyar wa? Ta mutum, ko ta tunkiya, ko ta abin da ba a ambato?" Ta ce ita dai daga waje ake kawowa. Na ce ai ko giya daga waje ake kawowa, ta bar gaishe ni.

Zan faɗa muku gaskiyar abin da idona ya gani, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Cikin matan da suka yi ta, akwai waɗanda suka ce gumi ya ragu, sun samu barci. Akwai waɗanda suka ce ba su ji komai ba sai tsamin ɗuwawu. Ɗaya wurin allurar ya kumbura ya yi ruwa, ni na yi ta gasa mata. Zafin nan kuma dama zuwa yake yana tafiya, ko ba ki sha komai ba akwai watan da zai sake ki, to wa zai ce allura ce ko lokaci ne? Ranar kasuwa na sa kwalba ɗaya a haɓar zane na kai wa wata sista a asibitin Haɗeja, mace mai haƙuri da tambaya. Ta ce ta ji ana yi wa mata irinta a wasu ƙasashe masu nisa don zafi da kasala, wasu suna cewa sun ji sauƙi, amma su likitoci ba su gama tabbatar da ita ba, kuma babu wanda zai rantse abin da ke cikin kwalbar kasuwa shi ne abin da aka rubuta. Ta ce, "Inna, ko ta gaske ce, ba ta dawo da al'ada, ba ta kawo ciki. Ki faɗa musu haka."

Na faɗa. Amma ku tuna da matan da nake faɗa wa. Mata ne da suka tashi suna ganin ana wanke mabiya kamar jariri, ana binne ta da bismilla, ana cewa haihuwar gaba a jikinta take. Ki ce musu ga ruwan mabiya a kwalba, sannan ki ce na gumi ne kawai? Yagana ba don gumi ta saya ba. A ganinta, abin da ya raino ɗa a ciki shi zai tashi ɗan da ya kwanta. Ta yi ta yi, ta ce mini zafin ya ragu, kuma na ga fuskarta ta ɗan ciko. Na yi murna da barcin da ta samu, na ci gaba da gaya mata cewa barci ne kawai ta samu.

Wata damina hanya ta yanke, dillaliya ta daina zuwa. Wata rana na karɓi haihuwa a maƙwabtan su Yagana, ina tsugune a bayan ɗaki ina wanke mabiya, sai na ji mutum a kaina.

"Yaya, ki ba ni ita."

Na ɗaga kai. "In ba ki me?"

"Ki binne kaskon haka nan, wa zai sani? In shanya, in daka, in riƙa sha a kunu. Ta kwalba ma ai ita ce, wannan ta fi ta sabunta."

Na ce, "Yagana, ki ji tsoron Allah. Naman ɗan Adam ne. Kuma amanar yarinyar nan ce da ke kwance a ɗaki, ta ba ni don ta yarda da ni. Da wata ce ta roƙe ni taki ranar da kika haifi Bukar, in ba ta?"

Ta ce, "Ke kina da 'ya'ya shida. Ba ki san ɗaki shiru ba."

Gaskiya ta faɗa. Na binne mabiyar a gabanta, na danne da dutse. Ta juya ta tafi, muka daɗe ba ta neme ni ba. Na ji zafin wannan rabuwa ƙwarai, amma da za a sake, haka zan sake yi. Ranar da aka ji ungozoma ta ba da mabiyar wata, ranar ta gama aiki a garin, kuma ta cancanta.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, dillaliya ta dawo, Yagana ta koma allurarta. Ran nan ina tankaɗe a tsakar gida sai ga ta ta shigo da sabon zane, tana dariyar da rabona da ji tun kafin ruwa.

"Yaya Asabe, kin ce ba ta dawo da wata. To ya dawo! Yau ko salla ban yi ba."

Na ajiye rariya. Ku riƙe wannan ko kun manta duk sauran. Jinin da ya zo wa mace bayan ta shekara da ɗaukewa ba haila ba ne, sai an duba an ga dalilinsa. Wani lokaci abu ne ƙarami, wani lokaci shi ne sallamar babban ciwo. Na tambaye ta kalarsa, ta ce ruwa-ruwa, yana zuwa yana ɗaukewa ba lissafi. Na ce gobe mu kama hanyar Haɗeja.

"Su ce mini me? Su ce girma ne, kamar yadda kika ce? Mahaifa ce ta buɗe, Yaya. Ki taya ni murna mana, ko sau ɗaya."

Matan unguwa sun taya ta. Labari ya bazu cewa allura ta mayar da Yagana yarinya, kwalaben dillaliya suka ƙare a kwana kaɗan. Ni na zama tsohuwa mai baƙin baki. Na tari Malam Garba a bakin gona yana korar tsuntsaye daga shinkafa, na gaya masa komai ba ɓoye-ɓoye. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya ce, "Yaya Asabe, ni ban nemi komai a wurinta ba. Amma tun rasuwar yaron nan yau ne nake ganin tana cin abinci tana ƙoshi. In ɗauke ta in kai ta inda za a karya mata zuciya?" Na ce gara zuciya ta karye tana raye. Ya ce zai lallashe ta bayan girbi.

Girbi ya wuce, rani ya shiga. Jinin ya ƙaru, ya fara wari, ta rame, sai mararta ta fara tasowa. Wannan tasowar ita ta ƙarasa mu, don ta ce kowa ya zo ya gani, ɗa ya tashi. Har wake ta sa aka saya na kunun jego. Da ta yarda na ɗora hannu, abin da na ji tauri ne kamar ɗanyar gwanda, ba ya gocewa, ba kai ba ƙafa. Na gaya mata, ta juya fuska bango. Sai ranar da jiri ya kayar da ita a bakin murhun banda aka ɗauke ta ba shawararta, a kwale-kwale zuwa bakin titi, daga nan a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Suka duba, suka tura mu Kano. Likitan can ya zaunar da mu ni da Malam, ya ce ciwon daji ne na mahaifa, ya riga ya yaɗu. Na tambaye shi ko allurar ce ta jawo. Ya ce ba zai iya cewa ita ce ba, ba zai iya cewa ba ita ba ce. Abin da ya sani, da ta zo tun farkon ganin jinin, da akwai abin yi. Suka ba mu maganin rage ciwo muka dawo gida.

Ni na yi jinyarta, don ba ta da 'ya mace. Ba ta sake ambaton ciki ba, ba ta kuma ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nemi ta ce ba. Wata rana da la'asar ina shafa mata man ƙafa ta ce, "Yaya, ki sa a tambayar mini liman. Sallolin nan da na bari, ina cewa haila ce, suna kaina?" Aka tambaya, ya ce ta rama abin da ta iya, Allah ya san niyyarta. Daga ranar ta sa aka ajiye mata dutsen taimama a gefen katifa. Tana idar da ta lokaci sai ta ɗora ramuwa, a zaune, daga baya a kwance, da ido kawai. Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, kuma ya ishe ni. Na sha fita bayan ɗaki in share hawaye in dawo.

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, shinkafar rani tana kore. A ƙauye ungozoma ita ce mai wankan gawar mata, ba a gaya muku wannan ba ko? Ni na wanke ta, ni da ƙanwar mijinta. Muka gama, muka sa ta a likkafani, na fito zaure in ce a shigo da makara. Maza sun cika ƙofar gida. Malam Garba ya taso daga cikinsu, ya matso kusa da ni yadda babu mai ji, idonsa a ƙasa.

"Yaya Asabe, ke kika wanke ta. Da gaske babu komai a cikin?"

Sai lokacin na gane ba ita kaɗai ke jira ba.

Na ce, "Babu, Malam."

Ya ce, "To." Sannan ya juya ya ce wa mutane su shigo su ɗauke ta.